Yadda Ake Auna Ƙarfin Zuciya da Na'urar Eko

A wannan fitowa filinmu na lafiya zai yi magana a kan zuciya, da yadda likitoci suke auna ƙarfinta ba tare da sun tsaga ƙirji ba.

Mata da yawa sun san na'urar eko, wadda ake ɗora wa mai ciki a mara don a ga kwanciyar jariri. Irin wannan na'ura ce ake ɗorawa a ƙirji don a ga zuciya tana aiki. Daga abin da ta nuna, lokotoro yakan fitar da wata lamba, ya rubuta ta a takarda. Da wannan lamba ake zaɓar maganin da za a ba majiyyaci. Ita ake dubawa kafin a ce wa macen da ta yi ciwon zuciya ta sake ɗaukar ciki ko ta dakata. Ke nan rai yana iya rataya a kanta, kuma tilas awon ya zama na gaskiya. Za mu ga yadda ake yin sa, da inda kuskure yake shiga, da dabarun da aka ƙirƙiro don a rage kuskuren.

Zuciya gida ce mai ɗaki huɗu

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Idan babban mutum yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, wato wajen sau dubu 100 a dare da rana. A kowane minti tana tura jini kimanin lita 5.

A cikinta akwai ɗakuna huɗu. Biyu na sama kamar zaure suke, su ke karɓar jini idan ya dawo. Biyu na ƙasa su ke tura shi waje. Ɗakin ƙasa na dama yana tura jini zuwa huhu, ya ɗauko iska mai kyau. Ɗakin ƙasa na hagu yana tura shi zuwa dukan jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Aikinsa ya fi na kowa nauyi, shi ya sa bangonsa ya fi kauri. Akwai kuma ƙofofi huɗu masu buɗewa ta gefe guda kawai, don kada jini ya koma baya.

Idan likitoci suna maganar ƙarfin zuciya, galibi ɗakin hagu na ƙasa suke nufi. In ya yi rauni, jini yakan taru a bayansa, kamar ruwan da aka tare a lambatu. Ruwa ya shiga huhu, numfashi ya yi wuya, ƙafafu su kumbura.

Lambar da ake nema

Ɗakin hagu yana cika da jini, sa'an nan ya matse ya fitar da shi. Amma ba ya fitar da shi duka, ko a jikin mai cikakkiyar lafiya. Abin da lokotoro yake son sani shi ne: cikin jinin da ya cika ɗakin, kashi nawa bisa 100 ya fita a bugu guda?

Ga lissafin. A ce ɗakin ya cika da mililita 120. Bayan ya matse, saura 50. Ke nan 70 sun fita. Idan aka raba 70 da 120, za a samu kashi 58 bisa 100. Wannan zuciya lafiyayya ce. A ce kuma wata zuciya ta buɗe ta yi girma, tana cika da mililita 200, amma 50 kaɗai take fitarwa. Nata kashi 25 ne bisa 100. Wannan ta gaji ƙwarai.

A wurin mai lafiya lambar takan kama daga wajen 52 zuwa 74. In ta sauka zuwa 40 ko ƙasa da haka, zuciya ta yi rauni a fili. A takardun asibitocin ƙasarmu ana rubuta haruffan FE ko FEVG kusa da wannan lamba. A Najeriya EF suke rubutawa. Duk wanda ya koyi haruffa da lambobi yana iya nemo ta da idonsa.

Yadda sauti yake zama hoto

Wanda ya taɓa yin kira a bakin rijiya mai zurfi ya san amsa-kuwwa. Muryarsa ta tafi, ta bugi ruwa, ta dawo masa. In rijiyar ta fi zurfi, amsar ta fi jinkirin dawowa. Da wannan hikima jemage yake tashi cikin duhu ba ya karo da itace. Da ita kuma na'urar eko take aiki.

Sauti girgiza ne, kamar yadda tsirkiyar gurmi take girgiza in an kaɗa ta. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce girgiza dubu 20 a sakan guda. Sautin da ake duba zuciyar babban mutum da shi yana girgiza wajen sau miliyan 2 zuwa 5 a sakan, shi ya sa ba wanda yake jin sa. Cikin iska sauti yana gudun mita 340 a sakan, amma cikin naman jiki yana gudun mita 1540. Don haka yana iya shiga zurfin santimita 15 ya dawo har sau dubu 5 kafin sakan guda ya cika.

Kan na'urar da ake ɗorawa a ƙirji shi ne baki, shi ne kuma kunne. Yana aika sauti, ya saurari amsa. Kwamfutar da ke ciki tana lissafa lokacin da kowace amsa ta ɗauka da ƙarfin da ta dawo da shi, ta mayar da ita ɗigo a kan allo. Ɗigo ya haɗu da ɗigo ya zama hoto. Ana samun hotuna 50 ko fiye a sakan, sai a ga zuciya tana motsi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ga shi nan kuma ji ne ya haifi gani.

An fara wannan aiki a 1953 a garin Lund na ƙasar Suwidin. Wani lokotoro mai suna Inge Edler da wani masanin kimiyya mai suna Hellmuth Hertz suka aro na'urar da ake neman tsaga cikin ƙarfe da ita a ma'aikatar jiragen ruwa ta Malmo, suka gwada ta a ƙirji. A lokacin layuka kawai ake gani suna hawa suna sauka. Hoto mai siffar zuciya sai daga baya ya zo.

Inda kuskure yake shiga

A kasuwa, mutum biyu suna iya auna buhun hatsi guda, wannan ya ce tiya 40, wancan ya ce 42. Ɗaya ya tsaya a baki, ɗaya ya yi tozo. Haka awon zuciya yake.

Zuciya tana ɓoye a bayan haƙarƙari, huhu yana kewaye da ita. Ƙashi da iska dukansu suna tare sauti, sai ta ƴar kafa tsakanin haƙarƙari ake leƙa ta. Ga mai ƙiba ko mai ciwon huhu, hoton yakan fito da hazo. Wasu amsoshin kuma na ƙarya ne: sauti ya bugi ƙashi, ya yi ta kai da kawo, ya dawo a makare, sai na'ura ta zana abu a inda babu shi.

To, kafin a yi lissafi sai an shata iyaka tsakanin jini da bangon ɗaki. In hoton bai fito sarai ba, kowane lokotoro da inda zai ja layinsa. Ku dubi abin da ƙaramin bambanci yake jawowa. Ɗaki ya cika da mililita 150. Wani ya auna saura ya ce 85, lambarsa ta fito 43. Wani ya ce 75, lambarsa ta fito 50. Tsakaninsu mililita 10 ne kawai, wato ƙaramin cokali biyu. Amma a wurin na farko zuciyar tana da rauni, a wurin na biyu ta kusa daidai. An sha ganin ƙwararru biyu sun bambanta da maki 10 a kan zuciya guda.

Sheƙe amsoshi: tsaba gefe, ƙaiƙayi gefe

Bayan sussuka, mace ba ta kai hatsi turmi sai ta sheƙe shi, iska ta kwashe ƙaiƙayi. Amsoshin da suke dawowa daga ƙirji su ma a gauraye suke, na gaskiya da na banza. Babban ci gaban da aka samu shi ne koya wa kwamfuta ta sheƙe su. Ga manyan dabarun.

Dabara ta farko ita ce sauraren murya ta biyu. Masana sun gano cewa sauti yana ɗan canzawa in yana ratsa nama, ya haifi wata siririyar murya mai girgiza ninki biyu na wadda aka aika. Wannan murya a can ciki take ƙaruwa, bayan sautin ya wuce fata da haƙarƙari. Sai aka sa na'ura ta aika, misali, sauti mai girgiza miliyan 2, amma ta saurari mai miliyan 4 kaɗai. Yawancin hayaniyar bakin ƙirji ba ta cikin wannan murya, sai ta zube. Kamar mai murɗa rediyo ne har ya rabu da shuu, muryar mai labarai ta fito tas. Wannan dabara ta shiga asibitoci a ƙarshen shekarun 1990, kuma ta sa bangon ɗaki ya fito fili ga majiyyata da yawa.

Ta biyu ita ce yanka ɗaki faifai-faifai. A da ana auna faɗin ɗakin a wuri guda, a ƙiyasta sauran. Amma zuciya marar lafiya ba ta da siffa guda, wani gefe yana aiki, wani ya kwanta. Yanzu kwamfuta tana raba hoton ɗakin gida 20, kamar a yanka albasar Galmi faifai 20, a auna kowane faifai, a tara. Ana yin haka ta fuska biyu, lokacin cika da lokacin matsewa. Kuma ba a dogara da bugu guda. Ana auna bugu 3, ko 5 in bugun zuciyar ba ya tafiya daidai, a ɗauki tsaka-tsaki. Sababbin na'urori suna ɗaukar ɗakin gaba ɗaya, tsawo da faɗi da zurfi, sai ƙiyasi ya ƙara raguwa.

Ta uku ita ce auna gudun jini. In mota tana tahowa tana oda, ƙarar takan yi siriri, in ta wuce sai ta yi kauri. Wani masani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana dalilin irin wannan canji a 1842. A shekarun 1950 Shigeo Satomura na Japan ya fara amfani da shi a kan zuciya. Amsar da take dawowa daga jini mai gudu tana canza murya, na'ura ta lissafa saurinsa da inda ya nufa. A allo, jinin da ya nufo kan na'ura yakan fito ja, wanda yake tafiya ya fito shuɗi. Da haka ake gane ƙofar da take yoyo ko wadda ta tsuke, kamar yadda yake faruwa ga yaran da ciwon maƙogwaro ya ɓata wa zuciya don ba a yi musu magani ba.

Ta huɗu ita ce bin ɗigo. A hoto, tsokar zuciya ɗigo-ɗigo take, kamar jikin zabuwa. An daɗe ana ɗaukar waɗannan ɗigogi a matsayin datti. Daga farkon shekarun 2000 aka ga amfaninsu. Kowane yanki na tsoka da irin nasa zane, kwamfuta tana riƙe shi, ta bi shi daga hoto zuwa hoto, yadda makiyayi yake bin tunkiyarsa mai alama cikin garke. In tsoka ta matse, ɗigogi su kusanci juna, a auna yawan kusantar. Lafiyayyar tsoka tana gajarta da wajen kashi 20 bisa 100 na tsawonta. Wannan awo yakan nuna rauni tun babbar lambar ba ta sauka ba. Da fari kowane kamfani da irin lissafinsa, na'urori suna ba da amsa dabam-dabam. A 2015 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka tare da kamfanonin suka fitar da ƙa'ida guda, kamar a ce ƴan kasuwa sun yarda da tiya guda.

In duk da haka bangon bai fito ba, akwai allurar da take ɗauke da ƴan ƙwayoyin kumfa ƙanana ainun. Suna bin jini, suna mayar da sauti da ƙarfi, sai cikin ɗaki ya yi fari, bango ya rabu da shi. Tana da tsada, ba ko'ina ake samun ta ba.

Ta ƙarshe ita ce kwamfuta mai koyo. A 2020 masana a jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna wata da aka horar da hotunan zukata masu motsi fiye da dubu 10, tana shata bangon ɗaki da kanta, bugu bayan bugu. A shekarar kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani tsari mai nuna wa ma'aikacin lafiya inda zai ɗora kan na'ura, ko da shi ba ƙwararre ba ne. Akwai kuma ƙananan na'urori da ake haɗawa da wayar hannu. Ga ƙasa mai faɗi, mai ƙarancin likitocin zuciya, wannan abin sa rai ne. Sai dai hoto marar kyau ba ya ba da lamba mai kyau, ko wa ya yi lissafin. Har yanzu sai lokotoro ya duba ya tabbatar.

Me ya sa abin ya shafe mu

Akwai ciwon zuciya mai kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin jego. A ƙasar Hausa ya fi yawa a kan mafi yawan sassan duniya. Binciken da aka yi a Sakkwato da Kano ya nuna wajen mace 1 cikin masu haihuwa 100 a asibitocin da aka duba.

Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. A 1979 suka duba wasu daga cikin matan da eko, suka tarar zuciyarsu tana matsewa da dama-dama, gishiri da ruwa ne suka yi mata yawa. A Yamai, binciken da aka buga a 1992 ya nuna masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jininsu. Wani babban bincike na Najeriya da ya fito a 2020 bai samu cewa al'adun jego ne sanadi ba. Ya samu ciwon ya fi kama mata masu rama, da waɗanda suka yi hawan jini na masu ciki, da waɗanda ba su yi makaranta ba. Duk da haka, in zuciya ta riga ta yi rauni, kanwa da gishiri suna ƙara mata kaya.

Darasin shi ne, mata biyu suna iya zuwa da kumburi iri guda da haki iri guda, amma abin da ke cikin ƙirjinsu ya bambanta. Awo ne yake raba su. Likitoci suna tabbatar da wannan ciwo ne in lambar ta gaza 45 kuma ba a ga wani dalili ba. Da magani, mata da yawa suna farfaɗowa cikin wata 3 zuwa 6, wasu sai a hankali, wasu kuma zuciyar ba ta komawa daidai. Wadda lambarta ba ta koma 50 ba, sabon ciki yana iya kashe ta. Ku tuna da cokali biyun nan da suka raba 43 da 50. Ga inda ingancin awo ya zama maganar rai.

Abin da ya kamata mu yi

Mai ciki ko mai jego, ko ma kowane mutum, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Haki ko sarƙewar numfashi, musamman in an kwanta, har sai an tashi zaune.
2. Kumburin ƙafafu ko na ciki.
3. Tari da dare wanda ya ƙi jin magani.
4. Gajiya mai tsanani a kan ɗan aiki kaɗan.
5. Faɗuwar gaba, zuciya tana bugawa da sauri ko tana tsallake.

Kada a ce wahalar jego ce za ta wuce, kada kuma a ce sammu ne. In ma'aikacin lafiya ya tura ku babban asibiti don a yi eko, ku daure ku je. Ba a yanka, ba zafi, ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ba ne. Ba ya cutar da ciki ko nono. Za a kwantar da mutum a gefen hagu, a shafa masa wani abu mai santsi a ƙirji, cikin kamar rabin awa a gama.

Ku adana takardar awo kamar yadda kuke adana takardar gona. In an koma awo na biyu, a tafi da ta farko, kuma in da hali a koma inda aka yi na farko, don tiya guda ta fi nuna ko hatsi ya ƙaru. Ku tambayi lokotoro: lambata nawa ce yau, nawa ce a wancan karo? Kada a bar magani don kumburi ya sace, ko don lamba ta hau, sai lokotoro ya ce a bari. Ku sani kuma lamba mai kyau ba ta wanke zuciya daga kowane ciwo. Mai tansiyo da ya daɗe, bangon zuciyarsa yakan yi kauri ya ƙage, ɗakin ya kasa cika, alhali lambar tana sama da 50.

Magidanta, wannan nauyi a wuyanku yake. Kuɗin mota da na awo sun fi sauƙi a kan renon marayu. In lokotoro ya ce a dakata da haihuwa, ku raka iyalinku wurin ungozoma a zaɓa musu hanyar hutu da ta dace da mai ciwon zuciya. Manomi ma yana barin gona ta huta don ta sake ba da amfani.

Malaman yaƙi da jahilci, ku karanta wannan fili tare da ɗalibanku, ku yi lissafin nan a allo: ɗaki ya cika da 140, saura 70, kashi nawa ya fita bisa 100? Wanda ya samu amsa ya riga ya iya karanta takardar zuciyarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya. Sai fitowa ta gaba.